Sokawen Bature da Wankan Jegona

Shekarun baya, ina ɗauke da cikin fari, aiki ya tsinci mijina daga Manchester ya jefa shi wani asibiti a gefen Birmingham. Likita ne, amma lokacin yana cikin masu neman ƙwarewa, irin waɗanda ake juyawa daga wannan asibiti zuwa wancan ba tare da an tambayi ra'ayin matansu ba. Muka bar Cheetham Hill, inda in na sauko daga bene ga kuɓewa ga naman halal, muka koma wani ƙauye da bas ke shiga in ta ga dama. Zamanin ne gwamnati ta tsuke bakin aljihu, komai ragewa ake yi. An rage bas, an rufe ɗakin da masu jego ke haɗuwa su sha shayi, hatta bolar council, wato ƙaramar hukuma, an yanke mata ranakun aiki. Ni dai na iso da tulelen ciki da haushin kowa.

Wanda ya ba mu haya wani tsohon Bature ne, manomi, gidansa na tsallaken shinge. Ranar da ya miƙa mana makulli ya ja mu har ƙarshen lambu ya nuna mana wani murfin siminti. Ya ce gidan ba a haɗe yake da bututun gwamnati ba, duk ruwan da muka zubar, na banɗaki da na kicin, cikin ramin nan yake sauka. Yana ta bayani a hankali kamar mai koya mana tuƙin jirgi. Na kalli mijina na ce da Hausa, "Dakta, wai fa sokawe ake gabatar mana." Ya harare ni. Duk da haka na kasa kunne, domin nasu ya ɗan bambanta da namu na gida. Ruwan da ya kwanta a ramin yana tsiyaya ne cikin ƙasar lambu, a gangaren lambun kuma akwai rafi inda tumakinsa ke shan ruwa. Ya ƙara da cewa akwai ƙananan halittu a ramin da ke cinye ƙazanta, in aka zuba magani mai ƙarfi suka mutu, to ramin ya daina aiki.

Ni kuma ina da wata jaraba tun a Manchester: tankin kifi na gilashi, dogo, cike da tsirran ruwa. Gaskiya kifayen 'yan rakiya ne, shukokin ne suka tafi da ni. Ƙasar da za ki yi wata ba ki ga rana ba, in na kunna fitilar tankin na ga koren nan yana rausaya sai in ji numfashina ya dawo. Su ma tsirran ruwa taki suke ci. Ina da kwalabe jere a kan kanta, ɗaya mai ruwan ƙasa, ɗaya garai kamar ruwan sha, da wata 'yar ƙarama ta kashe gansakuka mai hoton gargaɗi a jiki. Ɗigo-ɗigo ake sawa, kamar maganin ido.

Tun makon farko na tambayi masu irin jarabata a dandalinmu na intanet yadda ake yi a gida mai sokawe. Suka ce kada in kuskura in tuttula ragowar kwalba a sinki ko a masai, domin abu ne mai kauri, in bai taɓa ramin ba zai bi ƙasa ya sauka rafi. Ruwan da ake canzawa daga tankin shi da sauƙi tunda a tsarme yake, amma gara a ba furanni su sha. Haka na yi. Kowane mako za ku gan ni da bokiti, ciki na gaba ina biye, ina shayar da furannin ƙofar gida, can nesa da gangaren rafi. Ko ɗigo ɗaya na takin nan bai taɓa shiga bututun gidan ba, wannan ko a gaban alƙali zan maimaita.

Da na haihu, mahaifiyata ta zo daga Kano. Wannan ne hawanta jirgi na farko, bayan an sha fama kafin a ba ta biza. Jakarta rabi busasshen ganyen darbejiya ne da kanwa da yaji. Ta zo yi mini wankan jego, kuma ba shawara ta zo nema ba. Mijina ya tsuguna ya gaishe ta, ya yi ta kewaye-kewaye irin na suruki, daga ƙarshe ya roƙa a rage kanwa a kunu, ruwan kuma kada ya kai zafin da zai wahalar da zuciya. Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Allah ya yi albarka." Kanwar ta rage, wannan na shaida. Ruwan kuwa, sai dai mu ce ta ɗan sassauta.

Safe da yamma duk wata tukunya da ke gidan tana kan wuta, butar lantarki na ihu, famfon zafi a buɗe. Ta cika bahon wanka taf, ta tsoma ganye ta dinga fyaɗa mini. Ni da digirina na biyu ina kururuwa ina "Inna ki yi wa Allah!", ita kuma tana cewa, "Ke 'yar nan, rufe mana baki, maƙwabta za su ce yanka ki ake yi." In an gama ta zare toshiyar baho ruwan ya tafi, sannan ta wanke bahon da bilic, ruwan maganin nan mai ƙarfi na faranta kaya. Kayan jariri ma ba ta yarda da injin wanki ba, ta ce ba ya fitar da najasa, da hannu take yi da ruwan zafi da bilic, ɗauraya kan ɗauraya.

Zan faɗa muku abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin: ina son wankan nan. Ni 'yar fari ce. Wanda ya tashi a gidan Hausa ya san me nake nufi. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama kusa da ni a gaban mutane, in ana yabona sai ta tashi ta ba da wuri. Tun da na yi wayo ban san taɓin hannunta ba sai a banɗakin Baturen nan. Tana gasa mini baya tana addu'a ƙasa-ƙasa, ni kuma ina kuka, tana zaton zafin ruwa ne.

Ga shi kuma lokacin ruwan sama ne, irin na ƙasar nan da ba ya sallama. Mun yi nisa da wanka sai masai ya fara wani gurnani in an kora ruwa. Daga nan wari ya taso daga ƙarshen lambu, ciyawar wajen murfin ta zama taɓo. Wata ranar Asabar da hantsi tsohon ya ƙwanƙwasa ƙofa fuska a murtuke, ya ce zai duba bututun kicin. Yana shiga falo idonsa ya sauka kan tankina da kwalabena. Ya sa tabarau, ya ɗauki 'yar ƙaramar ya karanta gargaɗin, ya ajiye, ya ɗauki ta biyu. Bai ko ƙarasa kicin ɗin ba. Ya ce ga abin da ya kashe masa rami. Na buɗe baki zan yi magana, mijina ya riga ni, yana ta ba shi haƙuri. Tsohon ya ce shi ba mai son fitina ba ne: a fitar da tankin da kwalaben daga gidansa, zai kira masu kwasar rami, maganar ta wuce. In ba haka ba, in wa'adin hayarmu ya cika mu nemi wani wuri.

Yana fita mijina ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdu lillahi."

Na ce, "Alhamdu lillahin me, Dakta? Ka fi kowa sanin ba takina ba ne."

Ya ce, "Na sani. Ruwan Inna ne da bilic. Shi ya sa na ce alhamdu lillahi, tunda hankalinsa bai kai can ba. Ki bar shi a kan kifin."

Ya rage murya don Inna na ɗaki da jariri. Ya ce matar ɗan tsohon nan nas ce a asibitinsu. In labari ya fita cewa likita guda ya zuba ido ana dafa matarsa da ruwan zafi safe da yamma, me za a ce? Za a turo masu duba lafiyar jarirai, za a yi rubuce-rubuce, mu kuma baƙi ne, takardar zamanmu a jikin aikinsa take. Ya ce, "Ciyawa ce fa kawai. In mun koma gari na saya miki wadda ta fi ta."

Ba zan yi masa ƙarya ba, tsoronsa na gaskiya ne, ni ma na ji shi. Amma kafin in ba shi amsa sai ya kwashi kwalaben ya nufi sinki, ya murɗe murfin ta farko. Wai bari ya tuttular da su a huta, ya kai wa tsohon kwalaben wofi ya gani. Wallahi ban san lokacin da na isa wurin ba, ni da ake cewa kada in yi saurin tafiya. Na fizge kwalbar har ta ɗiso a hannun rigata. Na ce, "Kai yanzu da iliminka, mutum ya yi mini ƙazafin zuba guba a raminsa, kai kuma za ka zuba masa ita da hannunka don ƙazafin ya tabbata? Tumakinsa a rafin nan suke sha!" Ya ce in daina ɗaga murya. Na ce ai ban fara ba tukuna.

Inna ba ta jin Turanci, amma da Hausa muke faɗan, kuma gidan Bature bango ne kamar kwali. Da yamma ta yi na ji shiru, babu ƙarar tukwane. Na leƙa ɗakinta na tarar tana mayar da ganyen darbejiya cikin leda tana ƙullewa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ke 'yar nan, ashe ruwana ne ya jawo muku. A bar shi haka nan, ai an yi mai yawa. Kada ki gaya wa mutumin, kada a yi wa mijinki dariya a wurin aiki."

Nan ne raina ya ɓaci na gaske. Ba tankin ba ne kuma. Matar nan ta haye jirgi tana salati tun daga Kano don ta yi mini abu ɗaya da ta iya yi mini, ga shi an mayar da shi abin kunya da za a ɓoye a bayan kwalaben taki. Na ce, "Inna, kwance ledar nan." Ta ce ba ta son rigima. Na ce, "Ni ina so." Ranar dai ba a yi wanka ba, ta ƙi.

Washegari da safe na goya ɗana, na jera kwalaben cikin bokiti, na zagaya shingen. Mijina na bakin ƙofa yana kiran sunana, ban waiwaya ba. Na tarar da tsohon yana ba karnukansa abinci. Na ajiye bokitin a gabansa na ce ya duba, kowace kwalba ta fi rabi, kuma tun daga Manchester na zo da su. Na gaya masa inda nake zubar da ruwan tankin, na ce ya je ya ga furannin ƙofar gidan da ya ba mu haya, bai taɓa ganinsu da ƙiba haka ba. Sannan na ce, "Amma raminka mu muka cika shi, kuma zan gaya maka da me."

Na zayyana masa komai. Baho cike safe da yamma, da ganye, da bilic, da wankin hannu. Na ce a garinmu haka uwa ke yi wa 'yarta in ta haihu, har kwana arba'in, kuma uwata ce ta zo ta yi mini. Na ce bilic ɗin kuskurenmu ne, ka gargaɗe mu tun farko, ni ce ban lura da yawan da ake zubawa ba, daga yau an daina. Ruwan ma ba zai ƙara bi ta bututunka ba. Amma wanka ba za a fasa ba, tankina kuma ba inda za shi, domin bai yi laifin komai ba.

Ya daɗe yana kallona kamar na ce masa muna yanka mutane a banɗaki. Ya ce, "Kowace rana? Sau biyu?" Na ce ƙwarai. Ya ce shi tun da yake bai taɓa jin irin wannan ba, ba haka ake zama a gidan mutane ba. Na ce to yau ka ji. Na tambaye shi yaushe rabon da a kwashe ramin kafin mu shigo. Ya juya ya ci gaba da zuba wa karnuka abinci. Da na matsa sai ya ce shi dai maganarsa na nan, yanzu ma ta ƙaru: tankin ya fita, wankan ya tsaya. Na ɗauki bokitina na ce ko ɗaya ba za a yi ba, Allah ya ba mu alheri.

In kuna jiran in ce zuciyarsa ta yi laushi ya kawo mana ƙwai da madara, to ku daina jira. Takardar tashi ta zo cikin makon. Abin da mijina ya ji tsoro ma ya faru, ko da yake ba duka ba. Matar da ke duba masu jego, wadda da sai a yi ta waya ba a same ta ba, sai ga ta da kanta. Ta duba fatar bayana, ta auna jinina, ta yi tambayoyi masu ciwo, har da ko tilasta mini ake yi. Na kalli tsabar idonta na ce ni nake so. Ta yi rubutunta ta tafi, ba mu ƙara jin komai ba. A asibiti kuma mijina ya sha kallo da 'yan tambayoyin da ake yi da murmushi. Ya yi kwanaki ba ya ce mini komai sai gaisuwa, ni ma ban bi shi ba.

Wanka kuwa aka ci gaba. Sai dai yanzu in an gama ba a zare toshiya. A bar ruwan ya huce, a kwashe da bokiti a kai can gindin shingen gaba, nesa da rami da rafi. Inna ta fara kwasa ita kaɗai, tana tafiya a karkace cikin yayyafi da bargo a ka. Wata safiya na leƙa taga na ga mijina da rigar aiki da takalmi mai sheƙi, bokiti a kowane hannu, ita kuma tana bayansa tana "A'a, a'a, ajiye, wallahi ka ajiye." Bai ajiye ba, ni kuma ban ce masa na gani ba. Haka aka cika arba'in cif, aka yi 'yar walima mu kaɗai, na sha kunu na ci kaza.

Ranar tattara kaya na gano kwalba ɗaya ta lalace, ta yi gudaji a ƙasa, ga kuma 'yar ƙaramar ta gansakuka da na daina amfani da ita. Mai motar kwasar kaya ya ce in tuttula su a masai mana, ai tashi muke yi, tsohon da ya kore mu ya ji da abinsa. Na ce Allah ya kiyaye. Na bar gidan nan da gaskiyata, ba zan ba shi hujja a ranar ƙarshe ba, tumakin kuma ba su yi mini komai ba. Muka biya bolar council, a rufe, ba ranar aikinta ba ce. Na buga waya aka ce sai an yi rajista, kuma layin ya yi nisa. Haka na ɗaure murafunsu, na bar su cikin kwalabensu na asali da rubutunsu don mai karɓa ya san mene ne, na sa a leda na riƙe a cinyata har Manchester. Can na kai su wurin da ake karɓar ragowar fenti da magungunan lambu, wani mai rigar ruwan ɗorawa ya karɓa ya sa a akwatin ƙarfe. Wata kwalbar da na ga ta yi mini yawa na ba wata ɗaliba a unguwar Withington mai irin jarabata.

Flat muka samu a unguwar Ardwick ta Manchester, ƙarami, hawa na uku. Mijina ya ƙarasa sauran watanninsa yana bin jirgin ƙasa zuwa Birmingham, yana fita da duhu ya dawo a gajiye. Wannan ni na jawo masa, na sani, kuma na gode masa har yau. Tankin ya iso lafiya, kifi biyu ne suka mutu a hanya.

An sha tambayata ko da na yi shiru ba zai fi sauƙi ba. Zai fi mana. Da mun zauna a gidan, da ba a yi wa mijina kallon banza ba, da tankin ne kawai zai tafi. Amma da Inna ta koma Kano da ledar ganyenta a ƙulle, tana ganin abin da ta zo yi mini ƙazanta ce da 'yarta ta ɓoye wa Turawa. A ƙasar nan kullum ana so ki rage kanki kaɗan don a zauna lafiya, ki rage murya, ki rage yaji, ki ce ba ke ba ce. Na rage abubuwa da yawa, ban ƙi ba. Uwata ce dai ban yarda in rage ba, kuma ko yau aka maimaita haka zan yi.

Na sake haihuwa a Ardwick. Gidan a haɗe yake da bututun gwamnati, ko kogi kika tafasa kika zubar babu mai ƙwanƙwasa miki ƙofa. Inna ta rasu ina da ciki wata bakwai. Ranar da aka sallamo ni daga asibiti na ɗora tukunya da kaina, na cika bahon, na zauna a bakinsa har ruwan ya huce ban shiga ba.